Lazimi da Ƙwayar Magani

Wanda ya karɓi wuridi ya san nauyin alkawari: lazimi safe da yamma, in ya kuɓuce a rama. Amma sai ga ɗan'uwa mai cutar SIDA, da ya ji ƙarfin jiki, ya ajiye ƙwayar da likita ya ce ya sha kullum, wai ya dogara ga Allah. Anya tawakkali ne, ko kunyar a gan shi a layin asibiti? Maganin danne cutar yake yi. In an daina sha sai ta taso, har takan bijire masa, kuma kwanakin da aka tsallake ba su ramuwa. Ga matarsa, wadda shan maganin nan ke karewa, ko shawararta bai nema ba.