Shugaban Masu Kare Hakkin Jama'a, Wakilin Wa Ne?

Kafin a aiko Manzon Allah (S.A.W.), waɗansu dangogin Ƙuraishawa sun taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka ƙulla alkawarin Hilful Fuduli, saboda Asi ɗan Wa'il ya danne kuɗin wani baƙon falke. Abin lura, wanda aka zalunta ɗin ba ɗan kowa ba ne a cikinsu.

To, wanda aka ɗora bisa ofishin da ke haɗa kan ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam, wakilin ƙungiyoyin ne ko na wanda aka zalunta? Ƙungiyoyin birni ke zaɓensa, su ke da alƙalami da lauya, kuma lalle suna da hakkin shawara a kansa. Amma manoman gaɓar Kainji, daga Warra zuwa Yauri, waɗanda ruwan madatsa ya ci gonakinsu a 1968, da iyalan waɗanda jirgin ruwa ya nutse da su kusa da Warra a watan Mayu 2021, ba su da kujera a taron. Amanar da ke wuyansa ta waɗannan ce tukuna. In ya ce sai an kawo masa ƙara a rubuce, masuncin Warra ba zai iso ba. Baƙon nan na Makka ma Dutsen Abu Ƙubaisi ya hau, ya kai kukansa da baki.