Karatun Alamun Ƙasa Ilimi Ne, Ba Duba Ba

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya taskace arziki a ƙarƙashin ƙasa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, matasanmu na Gaya suna tafiya haƙar zinariya, musamman tun bayyanarta a Jado a 2014, kuma ana tambayarmu: wanda ya dubi dutse ya ce akwai ma'adini a ƙarƙashinsa, ya yi da'awar sanin gaibu ne? Muna amsawa: a'a. Allah Ya gudanar da al'adarSa cewa ma'adinai suna zama da abokan zamansu. A cikin Suratu Faɗir Ya ambaci duwatsu masu launi daban-daban, nan take kuma Ya ambaci malamai masu tsoronSa. Iyayenmu mata na kwarin Foga ma da farar ƙasa suke gane inda gishiri yake.

A 1957 masu binciken Faransa suna neman tagulla a Azelik, kusa da Ingal, sai suka tarar da yuraniyom. Suka bi irin wannan dutse har Arlit, inda aka soma fitar da shi a 1971. Wannan ƙiyasi ne bisa alama, yana dacewa yana kuskure. Amma boka da ke zana ƙasa ya nuna maka rami, maƙaryaci ne, zuwa wurinsa haramun ne.

Sai dai mu sani, ba kowane abokin zaman zinariya ne alheri ba. A Zamfara dalma ce ke tare da ita. Aka riƙa niƙa dutsen cikin gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, ƙura ta shiga abinci da ruwa, a 2010 yara fiye da 400 suka rasu. Inna lillahi! Ilimin da ke nuna dukiya, shi ne ke nuna guba.

Saboda haka muna yi muku wasiyya: ku tambayi masana kafin haƙa, kada ku kawo dutsen rami cikin iyali, ku wanke jiki da tufafi kafin ɗaukar yaro. Kare rai yana gaba da tara dukiya a Shari'a.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare zuriyarmu. Amin.