Idan Haihuwa Ta Yi Jinkiri, Kai Ma An Duba Ka?



'Yan uwa, akwai wata shari'a da muke yankewa a gidajenmu babu alƙali, babu shaida. Aure ya shekara biyu ko uku ba ciki, uwar miji ta fara ƙorafi, dangin miji su fara habaici a gidan suna, kafin a ankara an gama hukunci: matar juya ce. Daga nan sai jiƙe-jiƙe da hayaƙi da rubutu, yau tana babban asibitin Bici, gobe an hau mota an tafi Kano. Shi kuwa maigida ba wanda ya ce masa ya je a duba shi. Magani ɗaya ake rubuta masa: ƙaro aure.

Tambayata ita ce: ya halatta namiji ya ƙi zuwa gwaji, ko ya san matsalar daga gare shi take ya yi shiru, ya bar matarsa tana shan gori?

Mu fara da Alƙur'ani. A Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah Ya kasa bayinSa gida huɗu: wanda Ya ba 'ya'ya mata, da wanda Ya ba maza, da wanda Ya haɗa masa duka, da wanda Ya bar shi ba haihuwa. Kalmar da ta zo a kan kashi na huɗu, wato aƙim, a Larabci ana faɗarta ga namiji, ana faɗarta ga mace. Ayar ba ta ware jinsi ba. Mu ne muka ware. Duba bakinmu ma: kullum ana jin "juya" da "bakarariya", amma yaushe rabonka da jin an ce wa namiji bakarare?

Likitoci ma abin da suka gano ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abin matsala idan ma'aurata sun shekara guda suna saduwa ba tare da tsarin iyali ba, ciki bai samu ba. A rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana gamuwa da wannan a rayuwarsa. Kuma a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Wanda ya duba mace kaɗai, rabin gonar ya nome.

Inda maza suke ruɗuwa shi ne haɗa ƙarfi da haihuwa. Mutum zai ce maka, "Malam, ni fa lafiyata ƙalau, iyalina shaida ce." To ɗan uwa, iya saduwa daban, ingancin maniyyi daban. Ruwan da ido ke gani yana iya zuwa da yawa alhali ƙwayoyin haihuwar da ke cikinsa kaɗan ne, ko ba sa motsi, ko babu su sam. Sai an sa a madubin likita ake ganinsu. A ma'aunin hukumar na 2021, ƙasa da ƙwaya miliyan 16 a mililita ɗaya ana ɗaukarsa ƙaranci. Haka wanda ya haihu shekara goma da suka wuce, wata cuta tana iya shiga tsakani daga baya.

Sabubban kuwa yawancinsu a gabanmu suke. Akwai ciwon sanyi da aka yi wa rabin magani a kemis har ya toshe hanya. Akwai hangum idan ya kama namiji bayan balaga ya sauka maraina. Akwai tsargiya, wadda yaranmu ke ɗauka a kududdufai da wuraren noman rani, wasu ma suna ganin fitsarin jinin alamar girma ce, alhali tana iya taɓa hanyoyin maniyyi. Akwai kumburin jijiyoyin jini na maraina, wanda ake gyarawa da tiyata. Sai ciwon suga, da ƙiba, da taba, da Tramol, da alluran ƙara ƙarfi waɗanda suke iya tsayar da samar da ƙwayoyin gaba ɗaya. Manomanmu masu feshin maganin ƙwari ba safar hannu ba takunkumi su ma su kula. Wani kuma haka aka halicce shi, bai yi komai ba.

Yanzu ku auna wahalar. Gwajin namiji: ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a ɗakin gwaji, shi ke nan. Idan sakamakon bai yi kyau ba a sake bayan wata uku, domin jiki yana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi. Gwajin mace kuwa ɗibar jini ne, da hoto, da tura ruwa cikin mahaifa, ga zafi ga kuɗi. Wane adalci ne a fara da mai wuya a tsallake mai sauƙi? Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan da likitocin mafitsara, ga asibitin mafitsara na Abubakar Imam, duk tafiyar da ake zuwa a dawo a yini.

Na san uzurorin da ake kawowa, kuma ba na raina su.

Wani zai ce haihuwa ta Allah ce, shi ya yi tawakkali. Gaskiya ne ta Allah ce. Amma me ya sa tawakkalin bai hana ka kai matarka wurin masu magani bakwai ba? Hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya umarce mu da neman magani. Ruwan sama ma na Allah ne, amma ba manomin Badume ko Saye da zai ƙi shuka ya ce ya dogara.

Wani zai ce kunya, kuma Musulunci ya ce a suturta aibi. Na'am, ba wanda ya ce ka yi shela a majalisa. Sirrinka tsakaninka ne da likita da matarka. Tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, ana zuwa ana yi, sama ba ta faɗo ba. Amma suturar da za ta rufe ka ta tone wata ba ita shari'a ta yi umarni da ita ba. Idan mahaifiyarka tana zagin matarka a kan abin da ka san daga gare ka yake, kana ji ka yi shiru, wallahi kana da kaso a zunubin.

Kuma mace tana da haƙƙi a haihuwa. Shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka hana miji yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, sai da yardar matarsa. Gaskiya ne jumhurun malamai ba su lissafa rashin haihuwa cikin aibobin da ake raba aure saboda su ba. Amma Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya kawo cewa Sayyidina Umar (RA) ya umarci wani mutum da ba ya haihuwa, ya yi aure bai faɗa ba, da ya koma ya sanar da matar kuma ya ba ta zaɓi. Kai kana da damar ƙara ta biyu har ta huɗu. Ita kai kaɗai gare ta, kuma shekarun haihuwarta ƙidayayyu ne. Wanda ya ɓoye har suka ƙare ya ci amanar da ba zai iya biya ba.

Idan an gano matsalar, ƙofa ba ta rufe ba. Wata magani ne, wata tiyata, wata barin abin da ake sha. Idan ta kai ga haɗa ƙwan mace da maniyyi a asibiti a mayar mahaifa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986 ta halatta shi lokacin buƙata, da sharaɗin maniyyin na mijin ne, ƙwan da mahaifar na matarsa ne. Maniyyin wani ƙato haramun ne, ko da mijin ya yarda, domin cakuɗa nasaba ne.

Ku kuma iyayenmu mata da 'yan uwa, idan gaskiya ta fito kada gorin ya tashi daga kanta ya koma kansa. Jarrabawa ce. Nana A'isha (RA) ba ta haihu ba, kuma darajarta ba ta ragu ba ko a wurin Manzon Allah (SAW) ko a wurin al'umma.

Saboda haka ɗan uwa, kafin ka kai kuɗin na gani ina so wani gida, riƙe hannun matarka ku je asibiti tare, kuma kai ka fara shiga.

Allah Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, waɗanda Ya jarraba Ya ba su haƙuri da lada. Wallahu a'alam.