Haƙurin da Aka Zaɓa da Haƙurin da Aka Ɗora

Wani dare cikin hunturun bara, lokacin da kowa a gidanmu yake ƙudundune cikin bargo, na farka na tarar da mahaifiyata zaune a tsakar gida. Ta tuɓe ɗankwali, tana fifita da mafici, gumi yana tsiyaya daga goshinta kamar wadda ta tashi daga gaban murhu. Na ce, "Inna, lafiya?" Ba ta dube ni ba ta ce, "Lafiya lau. Girma ne. Je ki kwanta." Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta kamawa, balle ta zauna ta bayyana mini abin da jikinta yake ciki. Na koma ɗaki, amma barci ya ƙaurace mini, domin na tuna Gwaggo, yayar mahaifina, wadda santsi ya kwashe a bakin rijiya ƙashin ƙugunta ya karye. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ita ma "girma ne" aka ce.

Tun daga wannan dare wata tambaya ta tsaya mini a rai. Idan wahala ta zo daga tsarin halitta, ba daga cuta ba, shin neman maganinta rashin haƙuri ne? Idan kuwa akwai magani aka bar mace ba ta san da shi ba, shirun da take yi ya cancanci a kira shi haƙuri?

Abin da ke damun Inna sananne ne a likitance. Yawancin mata al'adarsu takan ɗauke tsakanin shekara 45 zuwa 55, lokacin da ma'ajiyar ƙwai take rage samar da sinadarin isturojin. Raguwarsa ce ke rikita ma'aunin zafi da ke cikin ƙwaƙwalwa, sai jiki ya ɗauki wuta ko da ana muku-mukun sanyi, barci ya gagara, fushi ya matso kusa. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. Ƙashi abu ne mai rai, kullum wasu ƙwayoyin halitta suna rushe tsohonsa, wasu suna gina sabo. Isturojin shi ne linzamin masu rushewa. Idan ya yi ƙasa, rushewa takan fi gini sauri, ƙashi ya zama kamar azarar da gara ta ci ta ciki: a ido lafiya lau, sai ranar da aka ɗora mata nauyi. Maganin da ake magana a kai yana mayar wa jiki wani kaso na wannan sinadari, ta ƙwaya, ko filastar da ake mannawa a fata, ko man shafawa.

Kafin in yanke hukunci, na bi tarihin maganin a ƙasar Amurka, sai na tarar da darasin da ban yi tsammani ba. A 1942 aka amince da Premarin, wanda ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. A 1966 wani likita, Robert Wilson, ya wallafa littafin Feminine Forever, inda ya ɗauki ɗaukewar al'ada a matsayin cuta, ya kuma nuna cewa isturojin zai tsare wa mace ƙuruciyarta. Daga baya ta bayyana cewa kamfanonin magunguna suna tallafa wa gidauniyarsa. A 1975 bincike ya nuna cewa isturojin shi kaɗai yana ƙara haɗarin sankarar mahaifa, aka fara haɗa shi da sinadarin furojestin don kare mahaifar. Sai kuma watan Yulin 2002, lokacin da aka dakatar da wani babban gwaji na shirin Women's Health Initiative mai mata 16,608. Labari ya bazu cewa maganin yana ƙara sankarar mama da kashi 26 cikin ɗari, mata da yawa suka watsar da shi cikin firgici.

Amma ga abin da wannan adadi yake nufi. A cikin mata 10,000 da suka sha haɗin na shekara guda, an sami ƙarin mata 8 masu sankarar mama, da ƙarin 8 masu shanyewar ɓarin jiki, sannan masu karayar ƙugu sun ragu da 5. Matsakaicin shekarun matan kuwa 63 ne, yawancinsu sun daɗe da wuce lokacin da zafin jiki ke farawa. Da aka sake nazari, manyan ƙungiyoyin likitoci suka tsaya a kan cewa mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko ba ta shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, kuma alamomin suna gallaza mata, amfanin yakan rinjayi haɗarin. Ba haka abin yake ba ga wadda ta taɓa yin sankarar mama ko daskarewar jini a jijiya.

A wannan tarihi na ga an yi wa mace laifi iri ɗaya sau biyu. Da farko an tsorata ta da tsufa don ta saya, daga baya an tsorata ta da sankara har ta jefar. A duka biyun ba a shimfiɗa mata gaskiya a faifai an bar ta ta auna ba. Da na waiwayo gida sai na ga laifi na uku, wanda namu ne: muna rufe maganar da kunya, mu lulluɓe ta da "haƙuri maganin zaman duniya", mu wuce.

Ban raina hujjar masu cewa a bar halitta yadda take ba. Suna da gaskiya cewa tsufa ba cuta ba ne. A wurinmu ma ɗaukewar al'ada tana zuwa da daraja: mace takan yi sallarta ba yankewa, ta azumci Ramadan cur, ta zama uwar da ake jin maganarta a dangi. Wani tsarin shan maganin yakan dawo da zubar jini wata-wata, kuma ga macen da ta sami wannan natsuwa, hakan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda zai ce wa Inna ta zama ragowar mace saboda ta manyanta, ni ce farkon mai musa masa.

Sai dai hujjar tana da iyaka. Raunin gani ma na tsufa ne, amma ba mu taɓa cewa dattijon da ya sa tabarau don karanta Alƙur'ani ya kasa haƙuri ba. Naƙuda tsarin halitta ce, amma muna kiran ungozoma. Malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Me ya sa sai a kan wannan lalura, wadda mata kaɗai take samu, muke tuna cewa halitta ba a taɓa ta? Ina jin amsar ba ta addini ba ce, ta jin nauyi ce. Mun fi son kada a ambaci abin, sai muka ara wa shirunmu sunan ɗabi'a mai kyau.

A fahimtata, haƙuri aiki ne na mai zaɓi. Wanda ya san akwai ƙofa, ya auna, ya ga zama ya fi masa, shi ne mahaƙurci. Wanda aka ɓoye wa ƙofar ɗaurarre ne, ko da bai yi kuka ba. Yabon haƙurin Gwaggo bai wanke mu ba, tunda ba wanda ya taɓa gaya mata cewa ana iya auna ƙarfin ƙashi, ana kuma iya rage zaizayarsa, da wannan magani ko da wasunsa.

Da wannan tunani na je wurin ƙanwar Inna, domin abin da 'yar fari ba za ta iya faɗa ba, 'yar'uwa za ta iya. Ita ta lallashe ta suka ga likitar mata. A raina na riga na gama yanke mata hukunci: ta karɓi maganin. Likitar ta auna jininta, ta tambayi tarihin dangi, ta ji cewa sankarar mama ce ajalin yayarsu. Ta bayyana mata cewa wannan bai haramta mata maganin ba, amma abin sa wa a ma'auni ne. Ta faɗa mata amfani da haɗari da kuɗin da zai ci, ta kuma ba ta shawarar yawan tafiya da ƙafa, da shan nono, da samun hasken rana, da zuwa awon ƙashi. Inna ta yi kwana uku tana nazari, sannan ta ce ba za ta sha ba tukuna.

Na ji haushi, har na buɗe baki zan yi gardama. Sai na lura cewa ina shirin zama ta huɗu a jerin masu yanke mata hukunci, wannan karon da sunan ilimi da ƙauna. Jikin nata ne, ita ta yi jinyar yayarta, ita kuma take kwana a farke. Abin da yake wuyana shi ne in tabbata ta sani, kuma na sauke.

Har yanzu wasu dararen nakan ji motsin maficinta a tsakar gida, kuma tsoron abin da ya sami Gwaggo bai bar ni ba. Amma da asuba takan zaga unguwa da ƙafa ita da ƙanwarta, ta kuma ajiye katin asibitin a cikin adakarta. Rannan na fito na same ta tana fifita, na tsaya ban ce komai ba. Ta ɗago ta ce, "Ke, je ki kwanta. Idan ya fi ƙarfina, na san hanya."