Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Kogin Kwara, wanda Turawa ke kira Neja, ya taso ne daga duwatsun ƙasar Gini. Ya ratsa Mali da Nijar, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Binin, ya wuce Gaya da Malanbil, kana ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi, kusa da Lolo cikin ƙasar Bagudo. Tsawonsa duka ya haura kilomita 4,000. Sau biyu yakan kawo ruwa a shekara. Na fari da damina, mai laka. Na biyu kuwa cikin hunturu, shi ne ruwan da aka yi a Gini tun watanni da suka shige, ya yi ta tafiya har ya tace. Kifin da ke cikin wannan kogi, ko giwan ruwa ne, ko ƙarfasa, ko tarwaɗa, ba ya jiran kowa ya ba shi abinci ko ya sake masa ruwa. In wuri ya ɓaci, sai ya yi gaba. Masunci in ya jefa komarsa ya kama rabonsa, ba mai tambayarsa yadda kifin ya kwana jiya.

Amma zamani ya kawo wata sana'a, watau kiwon kifi. A garuruwan Nijeriya da yawa mutane suna gina tafki na siminti, ko su kafa na tamfol a bayan gida, su zuba 'ya'yan tarwaɗa su yi ta ciyar da su har su isa sayarwa. A ƙetaren iyaka ma, wajen Malanbil, akwai manoma masu haƙa ramuka a fadama, kogi ya cika su da kifi, in ya janye kifin ya zauna a hannunsu. To, daga ranar da mutum ya raba kifi da kogi, aikin da kogi ke yi wa kifin ya komo wuyansa. Abin tambaya shi ne, yana iya sauke wannan kaya ya ɗora wa wani abu? In an ƙera inji mai duba ruwa dare da rana, mai tafki ya saya ya kafa, alhakin kifin ya koma kan injin ke nan?

Kada mai karatu ya ce ai wannan tatsuniya ce. An riga an ƙera irin wannan inji, sai dai ba domin tarwaɗa aka fara yinsa ba.

Kowa ya san murjani da mata ke ado da shi. Amma ba kowa ya san cewa gidan wata 'yar halitta ce ta cikin teku ba. Danginta suna da yawa, masu launi iri iri, suna zaune jingim a wuri guda, suna gina wa kansu ƙashi irin na farar ƙasa har ya zama kamar tsauni a ƙarƙashin ruwa. A Amurka da Jamus da Japan da waɗansu ƙasashe akwai mutanen da ke kiwon waɗannan halittu cikin akwatin gilashi a ɗakunansu, don sha'awa. Sukan haɗa ruwan gishiri irin na teku, su kunna fitila mai ƙarfi a maimakon rana, su sa famfo ya riƙa kaɗa ruwan a maimakon igiyar teku. Babbar wahalarsu ita ce wani abu da za a iya kira kanwar ruwa.

Ga ma'anarsa. Kowace mace a Illo ko Kaoje ta san in miyar yakuwa ta cika tsami, 'yar kanwa kaɗan ke kashe shi. Haka kuma ruwan teku da na kogi suna ɗauke da wani gishiri narkakke, dangin kanwa, wanda ke kashe tsami in ya taso. Ido ba ya ganinsa. Murjani kuwa da shi yake gina ƙashinsa, kullum yana zuƙe shi daga ruwa. A teku ba ya ƙarewa, gama teku na da faɗi. A cikin akwati kuwa kwana kaɗan ya isa ya ragu. Masu wannan kiwo suna auna shi da wani awo da ake rubutawa dKH. Ruwan teku yana wajen 7, su kuwa yawanci sukan riƙe nasu tsakanin 7 da 11. In ya faɗi, ko ya hau farat ɗaya, sai naman murjanin ya saɓule, ya bar farin ƙashi. Abin da suke ƙara wa ruwan kuwa, gishirin nan ne da ke cikin kanwar da ake kawowa daga Barno da Nijar, sai dai nasu tatacce ne.

Dā da hannu ake awon. Mutum ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ya riƙa ɗiga wani magani mai tsami yana ƙirgawa, har launin ruwan ya juya. Yawan ɗigon shi ke nuna ƙarfin kanwar. A cikin shekarun 2010 sai aka fito da injuna masu yin wannan aiki da kansu. Akwai Trident na kamfanin Neptune Systems a Amurka, akwai KH Director na kamfanin GHL a Jamus. Injin yakan zuƙo ruwa ta wani siririn bututu, ya ɗiga maganin, ya duba sakamako, waɗansu ta launi, waɗansu ta wani tsinke mai jin tsami. Yakan yi haka sau da yawa a yini, ya aika da lissafin zuwa wayar mai shi, ko da yana wani gari. Har ana iya haɗa shi da famfo, in ya ga kanwa ta ragu ya ƙara da kansa.

Mai tafkin tarwaɗa a Bagudo ba ya kiwon murjani, amma ciwonsu ɗaya. Koren nan da ke fitowa a ruwan tafki tsiro ne ƙanana. Da rana suna shanye iskar da kifi ke fitarwa, tsamin ruwa ya ragu ƙwarai. Da dare su da kifin duka suna fitar da ita, tsami ya komo. In ruwan yana da isasshiyar kanwa, wannan hawa da sauka ba ya yin tsanani. In ba shi da ita, kifi ya kwana cikin wani ruwa, ya yini cikin wani, ya daina cin abinci, ya ƙi girma. Masana kiwon kifi sun ce in kanwar ruwa ta gaza miligiram 20 a lita guda, tafkin yana bukatar garin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato. Irin wannan bincike shi ne aikin ma'aikatar nazarin kifi da ke Sabuwar Busa, wadda aka faro a zamanin da aka gama madatsar Kainji a 1968.

To, a ɗauka misali wani ya ci bashi ya zuba 'ya'yan kifi 1,000, ya kafa irin wannan inji, ya tafi kasuwar Tsamiya ya kwana biyu. Ya komo ya tarar rabinsu sun juya ciki sama. Laifin wa?

Waɗansu za su ce ba shi da laifi. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Suka ce inji ba ya barci, ba ya mantuwa, ba ya ƙyuya, ba ya zuwa biki. Mutum yakan gaji da ƙirga ɗigo, ya ce ai jiya lafiya lau yake, ya bari sai gobe. Wanda ya kashe kuɗinsa ya sayi mai tsaro irin wannan ya fi wanda ya dogara ga idonsa nuna kula. In injin ya kasa, sai a bi wanda ya ƙera shi.

Gaskiya ne inji ya fi mutum naci. Amma ya kamata a dubi yadda yake kasawa. Maganin da yake ɗigawa yakan ƙare, ko ya lalace don daɗewa. Bututunsa yakan toshe. Tsinken nan mai jin tsami yakan kauce kaɗan kaɗan, har ya riƙa faɗin abin da ba shi ne ba. Wuta takan ɗauke. Mafi muni duka, in ya yi kuskure ba ya sanin ya yi. In ya ƙirga kanwa ta ragu alhali ba ta ragu ba, sai ya umarci famfo ya ƙara, ya sake aunawa, ya sake ƙarawa, har ya hallaka abin da aka sa shi tsaro. Saboda haka ƙwararrun masu kiwon murjani sukan yanka wa famfon iyakar da ba zai wuce ba, kuma lokaci lokaci su ɗauki kwalba su auna da hannu, su gwada da abin da injin ya ce. Wannan ba baƙon abu ba ne. Sikelin auduga ma sai an riƙa ɗora masa ƙarfen da aka san nauyinsa, in ba haka ba ya cuci mai saye ko mai sayarwa, shi kuwa sikelin ko a jikinsa.

A nan bambancin yake. Awo aiki ne, ana iya ba da shi ga yaro, ko ga bara, ko ga inji. Amana kuwa tana kan wanda za a iya kira a tambaya. In mutum ya ba makiyayi shanunsa suka yi ɓarna, alƙali yana iya kiran makiyayin, ya ji ta bakinsa, ya rantsar da shi, gama yana da hankali, ya san abin da ya karɓa. Ba alƙalin da zai rantsar da inji. Bai san kifi na da rai ba, ba ya jin tausayi, ba ya jin kunya. Ko an bi maƙerinsa an karɓi diyyar kuɗi, wannan tsakanin mai saye da mai sayarwa ne. Tsakanin kifi da wanda ya tsare shi kuwa, magana tana nan inda take. Malamai sukan kawo hadisin matar nan da aka yi wa azaba saboda kyanwa, ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Abin lura a ciki shi ne, kullewar ce ta jawo mata alhakin. Kyanwar da ke yawo a gari ba ta bin kowa bashi, kamar yadda kifin Kwara ba ya bin kowa.

Akwai kuma waɗansu da suka karkata ɗaya gefen. Su cewa suke kakanninsu Sarkawa sun san ruwa tun ba a san kwalba ba, da ganin launinsa da jin warinsa sun san halin da yake ciki, saboda haka awo aikin banza ne. Lalle ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Tsohon masunci yakan ga kifi ya taru a saman ruwa da asuba yana haki, ya gane iska ta ƙare masa. Sai dai ilmin nan na kogi ne, inda ruwa ke gudu yana wanke kansa. Tafkin siminti wani abu ne dabam. Ragowar abinci da kashin kifi suna ruɓewa a ciki, su haifar da wata guba wadda ƙarfinta ke ƙaruwa da la'asar, sa'ad da tsamin ruwa ya yi ƙasa, ruwan kuwa a ido lafiya lau. Kafin ido ya ga alama, ɓarna ta yi nisa. Wanda ya sami abin awo ya ƙi amfani da shi don girman kai, shi ma ya ci amanar, kamar wanda ya kafa inji ya juya baya.

Mutanen Kabi sun daɗe da gane wannan. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ba a bar kogin Matan Fada ba mai shi ba. Akwai Sarkin Ruwa, ana hana su a wurin har lokacinsa ya yi. Hikimar ita ce, an ɗora ruwan a wuyan mutum mai suna, wanda in abu ya ɓaci an san ƙofar da za a buga. Kowane tafki, kome ƙanƙantarsa, yana bukatar nasa sarkin ruwa, shi ne wanda ya zuba kifin.

Injin nan yana da tsada, yana kuma son wuta da ba ta yankewa, ba kowane mai tafki zai same shi ba. Amma wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci yana da abin da ya isa ya fara, watau fensir da littafi. Ya leƙa tafkinsa da asuba kafin rana ta fito, gama a lokacin ne iska ta fi ƙaranci. Ya sake leƙawa da la'asar. Ya rubuta kwanan wata, da launin ruwa, da yawan abincin da ya zuba, da ko kifi ya cinye, da ranar da ya sake ruwa, da adadin wanda ya mutu. In ya sami kwalbar ɗigo ko takardar awon tsami, ya auna ya rubuta. In zai zuba farar ƙasa, ya nemi shawarar malamin gona tukuna, gama ƙonanniyarta tana da zafi, tana iya kashe kifi. Bayan wata uku littafin zai nuna masa abin da ido ya manta, ya ga cewa mutuwar ranar Talata ta faro ne daga abincin da ya yi yawa ranar Asabar. Ruwa ba ya tsami banza.

In kuwa Allah ya buɗa masa ya sayi injin, madalla, ya sami bara mai naci. Sai ya riƙa duba maganinsa, ya wanke bututunsa, ya gwada maganarsa da awon hannu. Kuma kowace safiya ya je bakin tafkin da ƙafarsa, ya dubi kifin da ya raba da kogi.