Tsakanin Mudu da Magani: Ko Shiru Ƙauna Ne?

Wanda ya shiga Kasuwar Muda Lawal a birnin Bauchi da hantsi zai tarar da ita cike maƙil: kwandunan tumatir da tattasai, tulin doya, buhunan albasa, ga masu awo a bayan masara da wake. Kaya ba su yanke ba. Abin da ya yanke shi ne ƙarfin kuɗin da ke ɗaure a bakin zanen mai saye. Cikin wannan cinkoso akwai wata uwa, irinta kuwa suna da yawa, wadda ta fito da kuɗin cefane da takardar likita a ninke. Tana da hawan jini, ƙwayoyinta sun ƙare tun shekaranjiya, kuɗin kuma ba za su ɗauki duka biyun ba. Sai ta auni masara, ta sayi manja da daddawa, ta mayar da takardar cikin jaka, ta koma gida ba ta faɗa wa kowa ba. Shin abin da ta yi daidai ne?

Kafin a yanke mata hukunci, ya kamata a san yadda aka kai ga wannan hali. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lita kuwa ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kowane buhu da ke Muda Lawal a mota ya zo, saboda haka kuɗin mai yana cikin kowane mudu. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Magani ma bai tsira ba, gama yawancinsa, ko sinadaran haɗa shi, da dala ake sayowa daga ƙasashe irin su Indiya da Sin. A watan Agustan 2023 kamfanin GlaxoSmithKline, mai Augmentin da Ventolin, ya sanar da daina sayar da kayansa kai tsaye a Nijeriya, farashinsu kuwa ya ninka. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma mai tuyar ƙosai da ɗan dako ba su da albashi. Ga shi kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci yake fita.

Lalle uwar nan tana da hujja. Yunwa tana da murya: yaro yakan yi kuka, tukunya takan nuna gindinta. Hawan jini kuwa ba ya magana. Wadda ta fifita cikin 'ya'yanta bisa jikinta ba son kai ne ya sa ta ba, ƙauna ce. Haka uban da yake raba ƙwayar ciwon sukari biyu domin kuɗin makaranta su cika. Ba wanda ya isa ya jefe su da dutse.

Duk da haka, kyakkyawar niyya ba ta mayar da kowane aiki daidai. Akwai kuskure uku a cikin wannan shiru.

Na fari, kuskuren lissafi ne. Kuɗin maganin da ba a saya ba, ba ajiya ba ce. Bashi ne mai ruwa. Hawan jinin da aka bari yakan kai ga shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda, sa'an nan iyalin da suka kasa sayen ƙwayar wata guda su sayar da gona domin gado a asibiti. Wanda ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana ɗaya maimakon uku, ya ajiye saura domin gobe, yakan saya sau biyu. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. In mai nema ta kwanta, wa zai je kasuwa?

Na biyu, ta yanke shawara ita kaɗai a kan abin da ba nata ne ita kaɗai ba. Lafiyar uwa dukiyar gida ce. Da an tambayi mijinta da 'ya'yanta, watakila da sun zaɓi tuwo da miyar kuka mako guda babu nama, a kan su rasa ta. Ta hana su zaɓi, ta kuma hana su zarafin nuna mata ƙauna.

Na uku ya fi wuyar faɗa: sau da dama kunya ce take sa rigar haƙuri. Kowa yana roƙon rufin asiri, wannan kuwa abu ne mai kyau. Amma rufin asiri shi ne mutum ya sami biyan bukata ba tare da wulaƙanci ba, ba wai ya mutu a ɓoye ba. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin yunwar zamanin Kalaudiyas, yadda masu bi na Antakiya suka aika da gudummawa Yahudiya, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Taimakon ya tafi ne domin an faɗi bukatar a fili.

To, mene ne abin yi? A fara da gaskiya a cikin gida: miji da mata su zauna su san abin da yake shigowa da abin da yake fita. Maganin da rai ya dogara a kansa a ajiye shi layi ɗaya da hatsi, gaba da anko da gudummawar biki. A tambayi likita ko masanin magunguna ko akwai irin maganin mai rahusa da lambar NAFDAC, gama sau da yawa sunan kamfani ake biya, ba ƙarfin ƙwaya ba. A tuna cewa rigakafin yara da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, jihar Bauchi kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, watau BASHCMA. Zuwa a yi tambaya ba ya cin kuɗi. Gidaje uku ko huɗu su haɗa su sayi buhu da kaka su raba, maimakon awon mudu-mudu da bazara. Zumuntar mata da take yin adashi domin kwanuka za ta iya yin irinsa domin jinya.

Nauyin kuma bai tsaya kan mai fama kaɗai ba. Mai awon da ya bubbuge gindin mudu, da mai ɓoye hatsi har ya yi tsada, suna da hannu a takardar nan da aka mayar cikin jaka. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, gwamnatin tarayya kuwa ba ta taɓa cika shi ba. Maƙwabci ma, ko wane addini yake bi, in ya ga ƙafar maƙwabciyarsa ta kumbura, gaisuwa kaɗai ba ta sauke masa hakki.

Ashe uwar nan ba ta yi laifi da ta ƙaunaci 'ya'yanta ba. Kuskurenta shi ne ta ɗauki jinka da hannu ɗaya. Bari ta fito da takardar daga jaka yau da dare, ta shimfiɗa ta kusa da akushin tuwo. Bari kuma waɗanda suka gani su zama masu kunnen ji da hannun bayarwa.