Ɗana, Ka San Man Da Ke Cikin Tanki Kafin Ka Taɓa Wuta

Ɗana, kai da ka kama sana'ar kanikanci, ko a Mai Wurno kake, ko Sinja, ko Wad Madani, zo mu yi maganar saita lokacin wuta a injin fetur mai turbo. Aikin minti kaɗan ne, amma yana iya cinye wa bawan Allah kuɗin damina guda.

Ka san fulogi ba ya jiran fistin ya kai ƙarshen hawansa. Yana riga shi ba da wuta da 'yan digiri, domin haɗin mai da iska yana bukatar lokaci kafin ya kama, kuma ana so ƙarfin ya taru daidai sa'ad da fistin ya fara gangarowa. In wuta ta makara, mota ta yi sanyin jiki, salansa ta ɗau zafi, mai ya tafi a banza. In ta yi sammako, ragowar haɗin da ke gefen silinda sai ya fashe da kansa, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙwanƙwasar ita ke karya ringi, ta huda fistin.

Turbo yana ƙara tsananta lamarin, tunda hayaƙin salansa yake amfani da shi ya cusa iska cikin silinda, iskar da aka matsa kuwa zafi take yi. Ka haɗa da zafin Afrilu da Mayu a Jazira, da ke wuce digiri 40, ga mota ɗauke da buhunan dawa da riɗi a hanyar Damazin. Shi ya sa masu ƙera injin suke jan wuta baya duk lokacin da matsin turbo ya hau. Ba su yi haka don su rage wa kowa ƙarfi ba.

Sai kuma maganar man da ke cikin tanki: itanol, da ake haɗawa da fetur, ba baƙo ba ne a ƙasar nan ta Sudan. A 2009 kamfanin sukari na Kenana, a jihar Farin Nilu, ya buɗe masana'antar da ke iya fitar da lita miliyan 65 a shekara daga baƙin maɗin da ke saura bayan an cire sukari. Itanol yana jure matsi fiye da fetur, oktan ɗinsa ya haura 100, kuma yana sanyaya iska idan ya ƙafe. Saboda haka injin da ke shan sa yakan yarda a gabatar masa da wuta, ya ƙara ja. Samari sun gani a waya, sun ji 'yan Amurka na yabon E85, haɗin itanol da fetur, sai kowa ya ce a gabatar masa da wuta.

Amma ka lura da abu biyu. Itanol ya gaza fetur ƙarfi da wajen kashi ɗaya cikin uku a kowace lita. Fetur yana son iska ninki 14.7 na nauyinsa, itanol ninki 9 kawai yake so. In ka ƙara itanol ba ka ƙara yawan man da ke shiga silinda ba, injin zai yi yunwar mai, ya yi zafin da ke narka fistin. Mai ake fara gyarawa, sannan wuta.

Na biyun shi ya fi damuna. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 matatar man Jaili ta shiga mawuyacin hali, mai ya koma jarka, daga wannan hannu zuwa wancan. Wa zai rantse maka da abin da ke ciki? Kuma itanol yana shan ruwa. Jarka ta kwana da laima, sai ruwan ya janye itanol ɗin su kwanta a ƙasa, a bar fetur mai raunin oktan a sama. Kai ka saita wuta don man jiya mai kyau, mai mota ya sha na yau a bakin hanya, kafin ya kai Rusairis aikin gama ya gama. A Burazil, inda suka fara shirin itanol tun 1975, sun kai ga motocin da kwamfutarsu ke gane haɗin da kanta a 2003. Mafi yawan motocin da ke shigowa garejinka ba su da wannan gatan, don haka ka saita wuta bisa mafi munin man da mai motar zai iya saya. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ko da kwaɗayin gudu ne.

Gwajin ba shi da wuya. Ka sami kwalba mai awo, ka zuba ruwa kashi 1, mai kashi 9, ka girgiza, ka bari ya kwanta. In layin ruwa ya hau, akwai itanol, kuma hawan zai nuna maka kusan yawansa.

Kada ka cire na'urar da ke jin ƙwanƙwasa don mai mota ya ce tana rage masa gudu. Ita ce ke jan wuta baya kafin kunnenka ya ji komai. In za ka gabatar da wuta, digiri ɗaya-ɗaya, ka gwada da rana tsaka, da kaya, a kan hawa. In ka ji ƙara, ka koma baya, ka ƙara komawa kaɗan. Tarakta da manyan motocin dizal kuwa ba su da fulogin wuta, kada itanol ya kusanci tankinsu.

In ka gama, ka kira mai mota gefe ka gaya masa, gaban shaida, irin man da ka saita masa injin a kai, ka rubuta a takarda ka manna kusa da murfin tanki.